Jar Gangar da Aka Matsar a Bakin Kogi

An yi wani mutum a garin nan namu na Pangani. Ba zan kama sunansa ba, domin yana nan da ransa, kuma da yawa daga cikinku kun sha kofi a dakalin ƙofar gidansa.

Mahaifinsa matuƙin jahazi ne, jirgin katakon nan da iska ke turawa. Yana kai kwakwa Zanzibar, ya dawo da kanumfari da yadi. Shi ya koya wa ɗansa yadda ake fita daga bakin kogi zuwa teku. Ka waiwaya baya, ka daidaita hasumiyar tsohon masallaci da doguwar bishiyar kwakwar da ke kan tudu. In sun hau layi ɗaya, ka miƙe, babu abin da zai taɓa ka. A kan wannan ya tashi, har ana cewa ko an ɗaure masa ido zai fita lafiya.

Yana da ƙane, sunansa Zuberi. Shi Zuberi ruwa bai karɓe shi ba. Duk ranar da aka sa shi cikin jirgi sai ya kwanta yana amai, har uban ya haƙura ya bar shi da karatu. Ya zama malamin makaranta, ya koyar har ya yi ritaya.

Babban kuwa Allah ya buɗa masa. Ya bar tuƙi ya shiga cinikin kwakwa, ya gina gidan saukar baƙi a bakin ruwa. Da furfura ta fara sauka, sai kewar teku ta kama shi. Ya sayi farin jirgi na shaƙatawa, mai inji biyu, da rumfa, da kujeru masu laushi. Da yamma yakan fita shi kaɗai, ya kashe inji a tsakiyar ruwa, ya zauna. Teku ta kwanta kamar madubi. Gajimare ya sauko ya yi iyo a ƙarƙashin jirgin, har mutum ya rasa ina sama ina ƙasa. A irin wannan lokaci yakan ji ƙamshin kanumfari ba tare da akwai ko tsinke a jirgin ba, ya ji kamar tsohonsa yana zaune a gefensa yana gyaran murya. Sai ya yi murmushi ya ce a ransa, wannan ruwa gidanmu ne.

Ya 'yan uwa, a cikin wannan babu laifi. Teku ni'ima ce, hutu ma ni'ima ne. Laifin yana wani wuri, ku biyo ni.

Kun san 'yan sa-kan nan masu zagayawa inda ake ɗaure jirage kafin kowace Sallah. Ba hukuma ba ne, ba sa cin tarar kowa, ba sa karɓar ko shayi. Sukan nemi izini su shiga jirgi, su duba rigunan ceto, da famfon kwashe ruwa, da abin kashe gobara, da fitilu. Sannan su gaya wa mai jirgi in an sauya wata alama a kan hanya. Zuberi ya shiga cikinsu bayan ya ajiye alli. Yana shan maganin jiri kafin ya hau ruwa, amma yana hawa.

A shekarar an yi damina mai ƙarfi. Kogi ya kwaso yashi daga tudu ya zube shi a bakin teku, ya toshe tsohuwar hanya, ya haƙa sabuwa can gefen kudu. Masu kula da hanyoyin ruwa suka zo suka ɗauke jar gangar nan ta ƙarfe da ke nuna mashiga, suka ɗaure ta a sabon wuri.

Ana saura kwanaki kaɗan Sallah, Zuberi ya zo da abokansa, ya tarar da yayansa yana goge gilashin jirgi. Ya yi sallama, ya gaishe shi, ya ce, "Yaya, mun zo mu ɗan duba maka jirgin, in ka yarda."

Mutumin ya dube shi daga sama har ƙasa, ya ƙyalƙyale da dariya. "Kai? Ikon Allah! Ku zo ku ga sarkin amai ya zama likitan jirage. Ka zo da bokitinka ko in ara maka?"

Abokan suka sunkuyar da kai. Zuberi ya yi murmushi ya ce, "Na sha magani, Yaya. Ina rigunan ceto? Ban gan su a ƙarƙashin kujeru ba."

"Suna shago. Sun cika min wuri, ga warin roba."

"To ka dawo da su, don Allah. Sannan an matsar da jar ganga. Hanyar Baba ta cike da yashi. Yanzu sai ka karkata kudu, ka bi gefen gangar."

Da ya ji an ambaci hanyar Baba, sai fuskarsa ta sauya. Ya ce, "Ranar da Baba yake nuna min hanyar nan, kana kwance kana kiran Inna. Yaran ofis ne za su koya min kogin da na sha ruwansa kafin a haifi iyayensu? Sauka min daga jirgi, Malam, kada ka ɓata min shimfiɗa."

Zuberi ya sauka. Ya ce, "Allah ya tsare, Yaya."

Ku tsaya nan, ya 'yan uwa. Shin mutumin nan bai san kogi yana motsa yashi ba? Ya sani, ya fi ku sani. Da wani baƙon matuƙi ne ya faɗa masa, da ya yi godiya ya zuba masa kofi. Abin da ya tokare shi ba maganar ba ce, bakin da ta fito ne. Malamai sun koya mana cewa girman kai ba kyakkyawar riga ba ce, ba farin jirgi ba ne. Girman kai shi ne gaskiya ta zo maka ka mayar da ita, don ka raina wanda ya kawo ta.

Tun bayan damina bai fita teku ba, yawonsa a cikin kogi yake yi. Washegarin Sallah ya ce zai kai iyalinsa shan iska. Matarsa, Bi Mwanahawa, ta dafa shinkafa da kayan ƙamshi, ta soya kifi, ta cika tulun kofi mai citta. 'Yarsu tilo, Mwantumu, ta zo hutun Sallah daga Dar es Salaam. Babu wadda ta iya iyo a cikinsu.

Da za su shiga, matar ta ce, "Baban Mwantumu, ba ka ɗauko rigunan nan da Zuberi ya ce ba?"

Ya ce, "Ke ma kin shiga ajinsa? Ni ne rigarki. Shigo."

Ta yi dariya, ta miƙa masa hannu, ya jawo ta.

Sun fita da hantsi, ruwa a cike maƙil. Ya waiwaya ya daidaita hasumiya da bishiya, ya miƙe. Jirgi ya wuce ta kan tudun yashin bai taɓa komai ba, domin ruwa ya lulluɓe shi. Ya hangi jar ganga can gefe ita kaɗai tana rangaji, ya nuna ta da leɓe ya ce, "Ga aikin su Malam can. To me ya same mu?"

Ku ji tsoron irin wannan tsira, ya 'yan uwa. Sau da yawa jinkirin da Allah yake yi wa bawa, shi bawan yakan ɗauka shaida ce a kan gaskiyarsa.

Wunin ya yi daɗi, irin daɗin da mutum yake rasa ko a farke yake. Suka tsaya kusa da wani farin tsibirin rairayi. Ruwa garai-garai, ana ganin ƙananan kifaye masu launin zinariya suna bin inuwar jirgi. Mwantumu ta sa ƙafafunta cikin ruwa tana rera waƙoƙin da uwarta ke yi mata tana ƙarama. Bi Mwanahawa ta jingina da kujera, iska tana wasa da gefen mayafinta, ta ce rabonta da jin zuciyarta fayau haka tun tana amarya. Shi kuwa ya ci ya ƙoshi, gyangyaɗi ya ɗauke shi, ya ga kansa a kan jahazi, iska ta cika ƙyallen jirgi, tsohonsa yana cewa miƙe, miƙe.

Da suka yi la'asar suka kamo hanyar gida. Ruwa ya janye sosai. Wani farin tururi ya kwanta a kan teku, garin ya zama kamar zane a jikin labule. Amma hasumiya tana nan a samansa, bishiyar ma tana nan. Jar ganga kuma tana can gefe, a fili, kowa yana ganinta.

Mwantumu ta ce, "Baba, ga wasu jirage can suna bi ta wajen gangar."

Ya ce, "Baƙi ne."

Ya ƙara wuta.

Babu wata babbar ƙara. Jirgin ya tsaya cak kamar an riƙe shi daga ƙasa, kwanuka suka zube, gindinsa ya juya ya ba teku gefe. Igiyar ruwa ta farko ta cika shi. Ta biyu ta kifar da shi, ta tura su bayan tudun, inda kogi ya haƙa rami mai zurfi.

Da ya taso sama, ya ga matarsa a damansa, 'yarsa a hagunsa, kowacce tana dukan ruwa, ruwa yana jan su yana raba su. Ya nufi matar, domin ita ta fi kusa. Ta ɗago kai ta ce, "Mwantumu! Kama Mwantumu!"

Ya juya ya kamo 'yar, ya ja ta har jikin kifaffen jirgin, ya ɗora hannuwanta a kai. Ya koma. Ya nutsa ya taso, ya nutsa ya taso, yana kiran sunan da bai saba kira a gaban mutane ba. Babu abin da ya amsa masa sai tsuntsayen teku.

Jirgin 'yan sa-kai ne ya fara isowa, domin a ranakun Sallah sukan tsaya kusa da mashiga. Zuberi ne ya miƙo hannu ya jawo Mwantumu, ya lulluɓe ta. Shi ne kuma ya rungumo yayansa da ƙarfin tsiya, da ya ga yana neman sake nutsawa bayan ƙarfinsa ya ƙare.

Da safe masunta suka tsinci Bi Mwanahawa a cikin itatuwan bakin ruwa. Wasunku sun yi mata salla.

A zaman makoki mutane suka yi ta cewa ajali ne, ya yi haƙuri. Yana jin su, idonsa a ƙasa. Abin da yake jira shi ne ƙanensa ya buɗe baki ya ce, ai na gaya maka. Da ƙanen ya faɗa, da wataƙila yayan ya sami wanda zai yi wa fushi, ya ji sanyi. Zuberi bai faɗa ba. Ya shimfiɗa tabarmi, ya tari baƙi, ya zauna kusa da shi yana matsa masa ya sha ruwa. Har yau bai faɗa ba.

Mwantumu ta koma birni. Tana aiko da gaisuwa, amma ba ta iya kwana a gidan. Ciniki ya watse, domin mai shi ba ya iya zama ya saurari kowa har ƙarshen magana. Gidan baƙi ya koma hannun wasu. Yanzu yana zaune a ɗakin bayan gidan ƙanensa, ɗakin da tagarsa ba ta kallon ruwa, shi ya roƙi a ba shi wannan. In an yi ruwan sama sai ya toshe kunnuwansa.

Wani zai ce, Malam, ai kwananta ne ya ƙare. Haka ne. Babu ran da zai wuce lokacinsa. Amma ajali na Allah ne, sakaci naka ne, kuma a kan naka za a tambaye ka. Duk wanda ya shiga jirginka, ko motarka, ko gidanka, ya sa ransa a hannunka, amana ce. Da wace fuska za ka tsaya ranar hisabi ka ce rigunan sun cika maka wuri?

Kuma kada ku ce wannan labarin masu jirage ne. Wane ne a cikinmu ba shi da hanyar da ya saba, wadda yake rantsuwa da ita? Wane ne ba shi da ƙane, ko mata, ko ɗa, ko maƙwabci, wanda in ya buɗe baki tun kafin ya gama mun riga mun yanke cewa bai san komai ba? Yau in ka koma gida, ka tuna mutumin da ka fi rainawa. Ka tuna maganar ƙarshe da ya gaya maka ka yi dariya. Ka sake auna ta kamar daga bakin babban malami ta fito. In gaskiya ce, ka karɓa tun ruwa yana cike.

Ya Allah, ka gafarta wa baiwarka da ruwa ya ci, ka karɓe ta cikin shahidai. Ka sanyaya zuciyar 'yarta. Ka dubi bawanka da ke ɗakin baya da idon rahama, ka karɓi nadamarsa. Ka saka wa masu tsaron rayukan mutane ba don lada daga kowa ba sai daga gare ka. Ka tausasa kunnuwanmu ga nasiha ko daga bakin wa ta fito.

Allah ya kiyaye mu da girman kai, a tudu da cikin ruwa. Amin.