Daddawar Inna Tabawa

To jama'a, ku gyara zama, ga wata magana da sai kun raba gardama a kanta.

A Malumfashi akwai wata mata, Inna Tabawa, shekararta talatin tana daddawa. Da can kafin azahar farantinta ya ƙare. Sai ga zamani ya juya, matan gari suka koma wa dunƙulen ɗanɗano na kanti mai araha. Ran wata kasuwa ta wuni zaune, mutum biyu kacal suka taya, ɗayar ma sunsunawa ta yi ta ajiye. Ta dawo gida, ta tara 'ya'yanta mata uku ta ce, "Innalillahi! Sana'ar da na raine ku da ita ce za ta mutu ina kallo? In wata biyu suka wuce a haka, na bar dafa kalwa har abada."

Babbar, Uwani, ba ta taɓa tallan ko tsinke ba. Kwana huɗu tana yawon gidajen 'yan'uwa tana tambaye-tambaye, sannan ta dawo ta ce, "Inna, ki bar kasuwar nan gaba ɗaya." Tabawa ta dafe ƙirji. "Na bar kasuwa? Ke Uwani, lafiyarki kuwa?" Uwani ta ce masu neman araha sun riga sun tafi, kuma ba za su dawo ba. Masu kuɗin saye suna Katsina: malaman makaranta, ma'aikatan jinya, matan ofis, waɗanda ke kewar miyar iyayensu amma ba su da lokacin daka, kuma suna tsoron warin ya kama musu jaka. Su za a nufa, da niƙaƙƙiyar daddawa, a kuma ninka farashi. Iyakar abin da ta yi ke nan, ta koma ɗakinta.

Ta tsakiya, Laure, ita ta ɗauki maganar ta mai da ita aiki. Ta kai daddawa inji, ta samo leda mai kauri da abin liƙe baki, ta shirya da wani direba mai zuwa Katsina kullum, ta cusa hoto a duk zauren waya da matan aiki ke taruwa. A jikin kowace leda ta sa aka buga da manyan baƙaƙe: DADDAWA MARA WARI. Kaya suka isa har teburan ofis, inda daddawa ba ta taɓa shiga ba. Mako uku, ko leda ɗaya ba a saya ba. Tabawa ta kasa cin abinci. Sai da wata malama ta aiko da saƙon murya suka gane. "Haba baiwar Allah, daddawar da ba ta wari ai ba daddawa ba ce. Garin me kuka zuba mana?" Tabawa ta saurara sau uku, baki buɗe. Shekara talatin ana yabon ƙarfin daddawarta, yau 'yarta ta rubuta da hannunta cewa ba ta da shi!

Auta, Hansai, ita ce mai bakin talla. Ta daɗe tana taya uwarta a kasuwa, ta yi gyara, ta yi waƙa, ta yi rangwame, duk bai tsinana komai ba. Da ta ji saƙon, ta cika fulas da tafasasshen ruwa ta bi direba. Daidai lokacin tashi daga aiki ta tsaya a bakin ƙofar wata ma'aikata, ta miƙa wa wata mata leda ta ce, "Hajiya, sunsuna." Matar ta ce ba ta ji komai ba. Hansai ta farke ledar, ta barbaɗa a kofin ruwan zafi. Nan take ƙamshi ya tashi ya cika wurin, har mai gadi ya leƙo yana tambayar wa ya ɗora miyar kuka. Hansai ta ce, "A jakarki shiru, a tukunyarki magana!" Kafin magariba kwali biyu sun ƙare, mata na rubuta lambar wayar da ke jikin leda.

Da Hansai ta dawo hannu wayam, Tabawa ta zaci kayan aka ƙwace mata a hanya, har ta fara salati. Yau tukunya uku ake ɗorawa a gidan, kalwar Malumfashi ba ta isarsu.

Sai dai hayaƙin shekaru ya taɓa ƙirjin Tabawa, likita ya ce ta nisanci murhu, dole ta miƙa ragamar sana'ar ga mutum ɗaya. Abin da ke hana ta sukuni ke nan. Ba don Uwani ba, da har yanzu Hansai na can kasuwa tana rera waƙa ga waɗanda ba za su saya ba. Laure ta yi kuskuren da ya kusa kashe su, amma ledarta da direbanta ne suka kai kaya gaban masu saye. Hansai kuwa, da ba ta ɗauki fulas ba, da kwalayen na nan jibge, tunanin Uwani ya tashi a banza.

To, ku da kuka ji, wace ce a cikin ukun nan Inna Tabawa za ta damƙa wa sana'ar?