Irin da Ya Zo Bayan Ruwa

Ga ta nan, ga ta nanku, yara.
Ta zo mu saurara.

Akwai wani manomi da damina ta canza masa hali. Ruwan da a da yakan daɗe yana sauka, yanzu sai ya zo a makare, ya ɗauke da wuri. Geronsa ya ƙi nuna, har rumbunsa ya zama ɗakin gizo-gizo.

A hayin kogi kuwa akwai wani attajiri mai gasa tubali, wanda ya sare itatuwan dajin nan don hura wutarsa. Zuciyarsa ta dame shi, sai ya yi alkawarin ba manomin irin gero mai saurin nuna. Amma ya ce wa barorinsa, "Kada ku kai sai kun ga ruwa ya sauka, don kada a yi asara."

Ruwa ya sauka. Bara ya miƙa wa bara buhun irin, kowa ya kwance buhu ya leƙa, ya sake ɗaurewa. Kafin jaki ya haye kogi, lokacin shuka ya wuce. Manomi ya ce wa matarsa, "In baɗi ma haka ne, sai mu bar gonar kakanninmu."

Da kaka attajiri ya zo cin tumu, sai ya tarar da buhunsa a jingine.

Ya ce, "Maƙwabci, irin nawa ne ba shi da kyau?"

Manomi ya yi murmushi ya ce, "Kyau kam yana da shi, ranka ya daɗe. Amma ruwan yanzu ba ya jiran jaki. Mu binne muke yi. Mukan sa iri a busasshiyar ƙasa, ruwan fari ya same shi a kwance."

"In ruwan bai zo ba fa?"

"To, a buhu ma ai bai tsiro ba."

Attajiri ya yi dariya har da hawaye. Da bazara ya kawo irin da hannunsa, ya naɗe riga, suka yi binne tare, suka dasa itatuwa a bakin gona. Ruwan fari ya sauka, gona ta yi kore shar. Da kaka aka gasa tumu, aka yi ta guɗa, aka yabi Ubangiji.

Ma'anar wannan misali ita ce: attajirin shi ne ƙasashe masu arziki, waɗanda hayaƙinsu ya rikita damina. Irin shi ne taimakon da suka alkawarta, barorin kuma hannuwan da yake bi yana makara. Taimako yana amfani in ya zo da wuri, ya isa hannun mai gona, aka kuma saurare shi. Ku ma, 'ya'yana, in za ku yi alheri, ku tambayi mai bukata, kada ku jira sai kun ga hadari.

Ƙurunƙus kan ɓera, shi ma bana ya ƙoshi da gero.