Baba Obadiah Da Kwamfutar Da Ke Cinye Sunaye

Akwai wani injiniya da ya yi zamani a Kafanchan wajen 1979, sunansa Andrawus. Jama'a, mutumin nan ya san aiki, amma kai, girman kai kamar ya kashe shi!

Shi ke kula da kwamfutar wani ofishi mai binciken ciwon makanta a ƙauyukan bakin rafi. Kada ku ɗauka irin ta aljihunku ce. Ta kai girman kabad biyu, ɗakinta daban mai sanyi, sai an cire takalmi ake shiga. Mutanen Zonkwa da Madakiya kan leƙa ta taga, su koma gida baki buɗe.

A faifanta ake ajiye sunayen majinyata da maganin da kowa ke sha. Mai buga sunayen kuwa Afiniki ce, mace mai natsuwa, da wannan aiki take riƙe da 'ya'yanta uku.

Sai aka kawo sabon faifai, ninki biyu na tsohon. Wata uku komai lafiya lau. Ran nan Afiniki na cikin bugu, jerin fayiloli ya hargitse, wasu suka ɓace ɗungum.

Andrawus ya dawo da su daga kaset ɗin ajiya. Ya gwada faifai, ba ko ƙwarzane. Ya canja wayoyi. Kwana uku, abin ya sake faruwa, kuma dai Afiniki ce a kan kujera.

"Ke ce!" ya daka mata tsawa a gaban kowa. "Na'ura ba ta ƙarya. Ran Juma'a ki tattara kayanki."

Ta koma gida tana kuka. Mahaifinta, Baba Obadiah, wanda ya shekara talatin yana juya wa jiragen ƙasa layi, ya saurare ta har ta gama. Ran Alhamis da safe ya sa kwat ɗinsa ta zuwa coci, ya bi ta ofis.

Ya cire takalmi, ya cire hula. Ya daɗe tsaye yana kallon fitilu suna ƙifce-ƙifce, faifai na juyi yana gurnani.

"Ubangiji mai iko! Ashe zan rayu in ga wannan?"

"Baba, nan fa ba tasha ba ce," in ji Andrawus.

"Na sani, ɗana. Tambaya ɗaya kawai. In yarinyan nan ta buga suna, wa ke nuna wa sunan inda zai sauka?"

Andrawus ya yi tsaki, amma ya amsa. Ya ce akwai na'urar da ke sarrafa faifai, akwai kuma wani ƙaramin shiri da suke kira direba, shi ke gaya mata lambar wurin da za ta ajiye kowane rubutu.

"To da kuka kawo babban faifai, kun gaya masa gida ya ƙaru?"

Andrawus ya juyo ya dube shi.

Baba ya ce, "Ni na taɓa yin wannan wauta ina sabon shiga. An ƙara layuka a yadin tasha, inda ake jera taragu, allon da ke hannuna kuwa ya tsaya a goma sha biyu. Aka ce in tura tarago layi na sha uku. Na ƙirga har sha biyu, na koma ɗaya. Taragon citta ya je ya daki wanda ke tsaye a layin farko. Taragon ba shi da laifi, mai lodi ma ba shi da laifi. Ni ne."

Zufa ta karyo wa Andrawus a cikin wannan sanyi. Ya jawo doguwar takardar da aka buga shirin direban a kai, ya bi ta da yatsa. Ga shi nan! Direban bai iya ƙirga fiye da girman tsohon faifai ba. Da an wuce rabin sabon, sai ya koma farko, daidai inda jerin dukan fayiloli yake, ya zuba rubutu a kai.

Ya sa aka bugo abin da ke farkon faifan. Kun san me ya fito? Sunaye bakwai na ƙarshe da Afiniki ta buga, kowanne daidai, ba kuskure ko ɗaya. Ni kaina duk sanda na zo nan a labarin sai tsigar jikina ta tashi.

Kafin la'asar ya gyara direban, ya dawo da fayilolin. Afiniki ta buga suna ɗari biyu, komai ya zauna daram.

Andrawus ya zo ya durƙusa gaban tsohon. "Baba, ka yafe mini."

Baba Obadiah ya mai da hularsa. "Tashi, ɗana. Ba ni ka kunyata a gaban mutane ba."

Injiniya ya juya, bai tashi ba, ya fuskanci Afiniki, ya roƙi gafararta.

Darasi: In abu ya lalace, kada ka yi saurin ɗora laifi a kan wanda ya fi kusa da shi ko wanda ba shi da bakin kare kansa. Bi hanyar da abin ya biyo, kuma kada ka raina mai tambaya don bai yi boko ba. Ku tura wa duk wani oga da kuka sani, wataƙila ku ceci aikin wani bawan Allah.