Ranar da Aka Kira Inna Sahura Ɓarauniya

Ranar wata Talata, da misalin ƙarfe biyar na yamma, Inna Sahura ta rufe keken ɗinkinta, ta jawo waya domin ta ga abin da masu karatu suka ce game da sabon babin labarinta. Kalma ɗaya ta fara cin karo da ita a ƙarƙashin sunanta: ɓarauniya.

Ku tsaya ku ji inda abin ya faru. Rumfa wani ɗan ƙaramin dandali ne a intanet, inda masu sha'awar rubutun Hausa suke saka labaransu babi-babi, 'yan uwa su karanta su yi sharhi. Mutanenta ba su da yawa, kusan kowa ya san kowa da suna ko da ba a taɓa haɗuwa ba. Mutum uku ne suke riƙe da ita. Malama Barira, malamar sakandare a Katsina, ita ke gyaran rubutu. Nafi'u, mai shagon gyaran kwamfuta a Zariya, shi ya gina dandalin, shi ke kula da lafiyarsa. Kubura, ma'aikaciyar jinya a Gusau, ita ke tarbar sababbin shiga, kuma babu babin da ke wuce ta ba ta karanta ba.

Ita kuwa Inna Sahura tela ce a Malumfashi. Ta haura hamsin, karatun bokonta bai wuce aji uku na firamare ba. Fiye da shekara ta yi tana rubuta labarin mahaifinta, mahaƙin rijiya, da ɗan yatsa ɗaya, kai tsaye a cikin Rumfa. Ba ta ajiye kwafi a ko'ina ba, don ba ta ma san ana ajiyewa ba.

Rumfa tana da wata al'ada da mutanenta suke alfahari da ita, suna kiranta rufin asiri. Malama Barira ce ta kawo ta. Idan marubuci ya turo babi, ba ya fita fili nan take. Yana shiga ɗakin gyara, inda su ukun nan kaɗai suke gani. Malama Barira ta ɗauki sati ɗaya ko biyu tana gyarawa, sannan ta fito da tsabtataccen, ta goge na farkon, domin kada wani ya taɓa ganin kuskuren ɗan uwansa. Saboda wannan al'ada ne irin su Inna Sahura suka sami ƙarfin halin rubutu. Ba wanda ya lura cewa kwanan watan da ke fitowa a saman babi na ranar fitowarsa ne, ba na ranar da aka rubuta shi ba.

Akwai wani mutum, Jafaru, mai karanta labarai da murya a tasharsa ta intanet, yana da dubban masu sauraro. Wani ɗan Rumfa ya ji shi yana karanta labarin mahaƙin rijiya, an canza sunayen mutane da na gari, an ce shi ya rubuta. Da aka tambaye shi, ko gezau bai yi ba. Ya ɗauki hoton shafinsa da na Rumfa ya jera, babi bayan babi, kowane nasa ya riga na Inna Sahura fitowa da kwanaki. Ya ce wata tsohuwa ce take zama tana sauraronsa tana kwafewa. Ya ce in Rumfa ba ta hukunta ta ba, zai turo masu sauraronsa su nuna wa duniya cewa wurin matattarar ɓarayi ce.

Jafaru ya yi abin da ya saba, ba shi ya fi ba ni takaici ba. Mutanen Rumfa su ne abin takaicin. Waɗanda jiya suke rubuta mata cewa ta sa su kuka, su ne yau suke cewa dama sun yi mamaki, ina tela ina irin wannan rubutu. Wata da Inna Sahura ta taɓa ɗinka wa 'yarta kayan suna kyauta ta aika har Kontagora, ita ta fara cewa a kore ta. Ba wanda ya kira ta ya ji ta bakinta. Maganar ta fita daga waya ta shiga unguwa, har mata masu kawo ɗinki suka fara kallonta ta gefen ido. Ta kashe wayar, ta jefa ta ƙasan akwatin tsummoki, ta ce ita da rubutu har abada.

Dokar Rumfa a kan satar rubutu mai tsanani ce. Akwai wani wuri a shafin farko da ake kira allon ɓarayi. Wanda sunansa ya hau, ba ya sauka, kuma a take ake share duk abin da ya taɓa rubutawa. Amma sai masu riƙon nan uku sun sa hannu gaba ɗaya. Nafi'u ya duba kwanan wata, ya ce lissafi ba ya ƙarya, ya sa hannu. Malama Barira ta san a ranta rubutun na matar ne, ita ta sha wahalar gyaransa, amma ba ta da abin nunawa tunda da hannunta ta goge, kuma tana tsoron kada Rumfa ta mutu. Ta yi kuka, ta sa hannu. Saura Kubura.

Kubura ta ƙi. Ta rubuta a fili cewa ba za ta sa hannu ba, ko da ita kaɗai ta rage. Nan fa aka bar Inna Sahura aka dawo kan Kubura. Aka ce cin amana take yi, aka ce tare suke raba abin da suka sata. Masu sauraron Jafaru suka samo lambarta, suna kira suna zagi tana bakin aiki a asibiti, har shugabarta ta ja mata kunne. Wasu tsofaffin 'yan Rumfa suka fice saboda ita. Ba ta da hujja ko ɗaya, kuma ba ta yi ƙaryar tana da ita ba. Abin da take maimaitawa kawai shi ne ta karanta rubutun nan tun yana ɗanye, kuma wanda bai taɓa leƙa rijiya yana kiran ubansa ba, ba zai rubuta shi ba. Da ta sa hannu a ranar, da komai ya tafi. Sai dai ku sani, ita ce ƙofar da ɓarawon ya shigo ta ciki. Daɗin labarin ne yake hana ta haƙuri: da zarar babi ya shigo ɗakin gyara, sai ta kwafe ta tura wa wasu ƙawayenta su ma su sha daɗi, daga can aka yi ta turawa har ya isa hannun Jafaru. Da ta gano haka, ita da kanta ta faɗa wa sauran biyun.

Ta kira Nafi'u ta ce, "Malam Nafi'u, abin da aka goge, ya tafi ke nan?"

Ya ce, "Haka na gina shi, Hajiya. Anti Barira ta ce kada ya bar ko ƙura."

"To kai ma ba ka bar ƙura ba? Kai da ko tsohon batir ba ka iya yarwa?"

Ya ce zai duba.

Nafi'u yana da ɗabi'ar kwashe duk abin da ke cikin Rumfa lokaci-lokaci ya ajiye a wata tsohuwar kwamfuta, don gudun ɓacin rana. Kwamfutar ta daɗe da ƙonewa, tana ƙarƙashin tarin wasu a bayan shago. Ya rufe shagonsa, ya ciro ma'ajiyarta, ya zauna a kanta kwana da kwanaki. Masu kaya suka yi ta buga ƙofa, wani babban mai kawo masa aiki ya kwashe kwamfutocinsa ya kai wani wuri, bai dawo ba. Sau biyu abin yana buɗewa yana sake mutuwa. Daga ƙarshe ya ceto wasu babobin, ba duka ba, amma kowanne da ranar da Inna Sahura ta turo shi, kuma kowanne ya riga muryar Jafaru. Babu wani a Rumfa da zai iya wannan aiki in ba shi ba. Amma shi ne ya fara sa hannu, kuma an taɓa ba shi shawara ya sa dandalin ya riƙa nuna ranar turowa, ya ce ba shi da lokaci.

Hujja ta samu, amma ba a isa a fito da ita ba. Alkawarin Rumfa ne cewa rubutun farko sirrin mai shi ne, sai da izininsa. Mai izinin kuwa wayarta na ƙasan akwati.

Malama Barira ta ɗauki hutu a makaranta, ta shiga mota zuwa Malumfashi. Inna Sahura ta shimfiɗa mata tabarma, ta kawo ruwa, amma ba ta kalle ta ba.

"An ce kin sa hannu, Malama."

"Na sa, Inna."

"To me ya kawo ki?"

Ta yi mata bayani. Inna Sahura ta girgiza kai. Ba kuskuren rubutun ne damuwarta ba. A rubutunta na farko ta kira mutanen ƙauyensu da sunayensu na gaskiya, da halinsu mai kyau da marar kyau, Malama Barira ce ta canza sunayen wajen gyara. Yanzu da duk garin ya sa ido a kan Rumfa, in aka baza wannan, ta tona asirin mutanen da suka ci tuwo da ubanta. Ta ce gara a ci gaba da kiranta ɓarauniya.

Malama Barira ba ta yi mata gardama ba. Ta ce, "To mu je mu tambaye su."

Haka suka hau babur zuwa ƙauyen, suka bi gida-gida. Malama Barira takan durƙusa ta gaida mai gida, ta karanta masa inda aka ambace shi, ta nemi izini. An kore su a gida ɗaya. Wata tsohuwa ta ce a rufe sunan mijinta, aka yi mata alkawari. Wanda Inna Sahura ta fi tsoro shi ne Kawu Sallau, abokin aikin mahaifinta, wanda ta rubuta cewa rowarsa ta kai yana ɓoye goro a hula yana roƙon na wasu. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya tambaya wane suna aka ba shi a wanda duniya ta karanta. Aka ce Tanko.

Ya ce, "Tanko? Ni na shiga ramin nan na ɗauro ubanki a bayana ranar da ƙasa ta rufta, sai a ba wani Tanko? Ke malamar birni, wa ya aike ki? Ku mai da mini sunana. Goron ma ku bar shi, ai nawa ne."

A hanyar dawowa Inna Sahura ta ce a fito da komai, sai dai a rufe sunayen da ba a ba da izininsu ba. Malama Barira kuma ta rubuta a shafin farko, da sunanta, cewa al'adar da ta kawo ita ta jawo wannan, kuma daga yau ba za a sake goge rubutun farko ba, za a dai rufe shi a ajiye.

Ranar Juma'a aka saka tsofaffin babobin da ranakunsu. Jafaru ya sauke labarin daga tasharsa, bai ba kowa haƙuri ba, masu sauraronsa ba su ragu ba. Sunansa bai hau allon ɓarayi ba, domin shi ba ɗan Rumfa ba ne. Masu zagin suka bi suna goge abin da suka rubuta, kaɗan ne suka ce a yafe musu. Nafi'u ya gyara dandalin, yanzu kowane babi yana nuna ranar da aka turo shi. Inna Sahura ta ciro wayarta daga akwati, ta rubuta babin ƙarshe.

Wanda ya kammala littafi a Rumfa, akan ba shi gurbi a saman shafinsa ya sadaukar da shi, kuma suna ɗaya gurbin yake ɗauka. Inna Sahura ta ce cikin ukun nan za ta zaɓa. In ta ɗauko Kubura, sai ta tuna ita ta tsaya mata lokacin da ba kowa, kuma ita ta fitar da rubutun waje. In ta ɗauko Nafi'u, sai ta tuna shi ya tono gaskiyar har ya yi asarar abokan ciniki, kuma shi ya fara yanke mata hukunci. In ta ɗauko Malama Barira, sai ta tuna ita ta raini rubutun tun daga layin farko, ta bi ta gida-gida tana durƙuso, kuma ita ta sa hannu alhali ta san gaskiya. Littafin yana nan a Rumfa a kammale, gurbin babu kowa.

To, jama'a, sunan wa ya kamata Inna Sahura ta rubuta a wurin?