Motar Delbert da Kujerar 'Yarsa

Akwai wani dattijo a garinmu, can tsakiyar gonakin masara na jihar Nebraska ta ƙasar Amurka, sunansa Delbert Rasmussen. Rufin gidaje ne sana'arsa tun yana saurayi. Ba layin da za ka bi a garin nan ba ka wuce rufin da ya buga ba, kuma ba a taɓa jin wanda ya ce nasa ya yi yoyo ba. Aiki kam ya iya. Aibinsa ɗaya ne: bai yarda Allah ya yi wanda ya fi shi wayo ba.

Da gwiwoyinsa suka fara ƙin hawa tsani, sai ya sayar da kamfaninsa, ya ce wa matarsa Lorna lokacin hutawa ya yi. Za su sayi motar gida, irin doguwar nan mai ɗakin kwana da kicin da banɗaki, su riƙa gudun sanyi zuwa kudu.

Suka je wurin dillali a birni. Delbert ya zaɓi wadda ta fi kowace girma. Da aka zo lissafi, ya ga harajin saye kaɗai ya kai kuɗin sabuwar ƙaramar mota, sai ya ture takardar.

"Fashi ke nan da rana tsaka," in ji shi.

Dillalin ya yi murmushi, ya rage murya. "Yallaɓai, ai masu ido ba sa biyan wannan. Jihar Montana ba ta karɓar harajin saye. Akwai lauya a can, zai buɗe maka kamfani a takarda, kamfanin ya sayi motar, a yi mata lambar can. Kai dai tuƙi ne naka."

Lorna ta dubi mijinta. "Delbert, mu da ko sau ɗaya ba mu taɓa taka Montana ba?"

"Kamfaninmu zai taka mana," ya ce, yana dariya.

Haka aka yi. Motar ta zo, fara sol, ta cika ƙofar gidansu har wutsiyarta na leƙen titi. Gaba da baya lambar Montana.

Kowace safiya tsofaffin garin kan haɗu a ɗan gidan abincin da ke jikin gidan mai, su sha kofi, su zagi farashin masara. Ranar da Delbert ya shigo, abokinsa Orval, wani manomi mai barkwanci, ya miƙe ya cire hula.

"A ba baƙo kujera! Mutumin Montana, ya hanya? Ya ka baro mutanen gida?"

Aka kwashe da dariya. Delbert bai ji haushi ba, daɗi ma ya ji. Ya zauna ya ba su labarin dabarar daga farko har ƙarshe.

"Haraji na wanda bai iya karatu ba ne," ya ce. "Ku ci gaba da kai wa hukuma guminku. Ni na gama."

Orval ya kurɓi kofinsa. "To, ka faɗa wa Janelle haka?"

Janelle ita ce 'yar Delbert tilo. Ta daɗe tana aiki a ofishin ma'ajin gunduma, inda kowa ke zuwa yin rajistar mota da biyan haraji. Mace ce mai sanyin magana, amma ba a lanƙwasa ta. A shekarar ne tsohuwar ma'ajin ta ce za ta sauka, ta kuma ƙarfafa wa Janelle gwiwa ta tsaya takara. Abokin hamayyarta, Russ Kolbe, mai sayar da abincin dabbobi ne, bai taɓa zama bayan kantar ofishin ba. Kowa ya ɗauka kujerar ta Janelle ce.

Ranar wata Lahadi bayan an taso daga coci, Janelle ta zo gida. Ta tarar da mahaifinta cikin motar yana goge madubi. Ya zaunar da ita, ya nuna mata firji, ya danna wani maɓalli bangon ɗakin ya buɗe waje. Ta yaba, sannan ta ce:

"Baba, ka zo ofis ka canza lambar nan."

"Saboda me? Lauya ne ya yi komai. Ga takardu."

"Takardun na Montana ne, motar kuwa a nan take kwana. Dokarmu ta ce abin da ke zaune a nan, a nan ake biya masa. Kullum haka nake gaya wa mutane a kanta. Da wane baki zan ci gaba da faɗa?"

"Da bakin da na ciyar," in ji Delbert. "Ke yarinya ce. Ni na yi kasuwanci tun ba a haife ki ba."

"Ba kasuwanci nake koya maka ba, Baba. Roƙonka nake."

"Na ji. Je ki taya uwarki, naman nan zai ƙone."

Ta sake yi masa maganar bayan 'yan makonni, ya sake shashantar da ita. Daga nan ba ta ƙara tayar da maganar ba.

Kada a ce Delbert ba ya son 'yarsa. Yana son ta fiye da komai, kuma son ne ma ya kai shi ga abin da ya yi.

Ƙarshen damina akan yi bikin baje kolin amfanin gona, a buɗe shi da jerin gwano a babban titi: taraktoci, motar kashe gobara, 'yan makaranta da gangunansu, sai 'yan takara suna jefa wa yara alewa. Delbert ya ga motar Russ Kolbe tsohuwar akori-kura ce, sai ya ce a ransa zai nuna wa garin bambanci. Bai gaya wa kowa ba, ya sa aka buga manyan ƙyallaye da hoton Janelle, ya lulluɓe motar gidan da su. A gaba, daidai saman lambar, an rubuta da manyan baƙaƙe: ZAƁI JANELLE, MAI RIƘON AMANAR HARAJINKU.

Janelle tana tafe a ƙasa da 'ya'yanta biyu da bokitin alewa, sai ta ji hon mai ƙarfi a bayanta. Ta waiga. Ga fuskarta, girman ƙofa, ga mahaifinta a sitiyari yana ɗaga wa jama'a hannu.

Da farko tafi aka yi. Sai wani daga bakin titi ya nuna lambar Montana da yatsa, ya ce wa na kusa da shi wani abu. Dariya ta fara daga wajen banki, ta bi titi har gidan waya. Wayoyi suka fito, ana ɗaukar hoto.

"Delbert!" wani ya ƙwala. "A Montana za mu jefa ƙuri'ar?"

Daga saman kujerarsa, gilashi a rufe, Delbert bai ji me ake cewa ba. Ya ga baki a buɗe, hannuwa a sama, ya ɗauka murna ce, ya ƙara danna hon. Lorna da ke gefensa ta fahimta. Ta zame cikin kujera ta rufe fuska da hula.

Janelle ba ta tsaya ba. Ta ci gaba da raba alewa har ƙarshen titi.

Kafin a gama bikin hoton ya zagaye gunduma. Russ Kolbe bai ce uffan a kai ba, don ba ya buƙata.

Washegari a wurin kofi Orval bai yi barkwanci ba. Ya ja abokinsa gefe.

"Delbert, ka je ka biya yau. Ka cire lambar nan tun kafin taron 'yan takara."

"In biya yanzu, su ce sun tanƙwara ni? Bari zaɓe ya wuce tukuna. Mutane mantuwa gare su."

"Mutum yakan manta alherin da aka yi masa," in ji Orval, "amma ba ya manta tarar da aka ci shi."

Ranar taro zauren gari ya cika. Aka yi tambayoyi kan tituna da kuɗin makarantu, Janelle ta amsa tiryan-tiryan, Russ yana ta kame-kame. Delbert na zaune a baya, ya harɗe hannu, yana jinjina kai.

Sai wani makiyayi mai suna Harlan ya miƙe, hula a hannu.

"Janelle, na san ki tun kina goye. Bara na makara wajen sabunta rajistar tirelar shanuna, lokacin matata na asibiti. Kika ce kin tausaya mini, amma doka doka ce. Na biya tara, ban riƙe ki a zuciya ba. To yau ina tambaya: dokar nan da ta gan ni a can ƙarshen gunduma, ya aka yi ba ta ga motar da ta tare rabin titi ba?"



Kafin Janelle ta buɗe baki, Delbert ya zabura. "Motar tawa ce, ba tata ba! Kuma lauyana ya ce ban karya wata doka ba!"

"To Montana ta zo ta kwashe maka dusar ƙanƙarar da ke toshe titin gidanka bana, tunda can ka kai motarka!" wata mata ta ce daga tsakiya.

Aka yi dariya, amma ba irin ta wurin kofi ba. Lorna ta ja gefen rigarsa har ya zauna.

Janelle ta jira hayaniyar ta lafa.

"Harlan, tambayarka daidai ce," ta ce. "Na san da motar tun ranar da ta shigo garin nan. Na yi masa magana a matsayin 'ya. Ban yi masa a matsayin ma'aikaciya ba, kamar yadda na yi maka. Ba ni da wata amsa da ta wuce wannan."

Ba ta dubi wajen mahaifinta ba. Ta zauna.

A hanyar gida Delbert yana ta faɗa: mutanen garin nan 'yan hassada ne, Harlan ɗan koren Russ ne. Da suka tsaya a ƙofar gida, Lorna ta juyo ta dube shi.

"Shekara nawa yarinyar nan tana gina sunanta," ta ce, "ka rufe shi da ƙyalle cikin yini ɗaya."

Ranar zaɓe ta zo. Janelle ta faɗi, da tazarar da ba ta kai yawan mutanen coci ɗaya ba.

Washegari da safe Delbert ya kira ofishin lauyan Montana, yana neman wanda zai ɗora wa laifi. Wata murya mai ladabi ta ce masa su rajistar kamfani kawai suke yi. Inda mutum ke ajiye motarsa kuwa, tsakaninsa da jiharsa ne. Ta yi masa fatan alheri ta kashe.

Ya ajiye wayar. Sannan ya ɗauko sukundireba, ya fita, ya durƙusa da gwiwoyin nan nasa masu ciwo ya kwance lambobin biyu.

Ofishin ma'aji cike yake a ranar. Delbert ya bi layi kamar kowa, tsakanin wani mai babur da wata mai goyo. Ba wanda ya tsokane shi, ba kuma wanda ya gaishe shi. A can ciki ya hango Russ Kolbe, tsohuwar ma'ajin na zagayawa da shi tana nuna masa ɗakunan.

Da layi ya zo kansa, tagar Janelle ce ta buɗe.

"Barka da safiya. Me za a yi maka?"

"Rajista," ya ce. 

Ta karɓi takardun, ta duba su ɗaya bayan ɗaya kamar na baƙo. Ta faɗa masa harajin, ta faɗa masa tara da kuɗin jinkiri. Jimillar ta zarce abin da ya guje wa a wurin dillali nesa ba kusa ba. Bai yi gardama ba. Ya rubuta cek, ya tura mata.

Ta buga hatimi, ta ɗauko sababbin lambobi ta ajiye a gabansa.

Delbert bai ɗauka ba. Ya sunkuyo kusa da gilashin.

"Janelle, 'yata. Ga shi na biya. Duka na biya."

Ta ɗago ta dube shi. Babu fushi a fuskarta, gajiya ce kawai.

"Na hukuma ka biya, Baba," ta ce a hankali. "Ka gaida Mama, ka ce ina nan zuwa ranar Lahadi."

Sannan ta dubi bayansa.

"Na gaba."

Darasi: Wayon da za ka kauce wa haƙƙin jama'a da shi ba riba ba ne, bashi ne, kuma ba kullum mai cin bashin ke biya ba. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma sau da yawa ruwan har sheƙa yake binsa ya jiƙa 'ya'yansa. Idan naka ya roƙe ka ka gyara tun abu na cikin gida, ka saurara, ko da kai ka haife shi. Kuɗi ana biya a makare, mutuncin da ka zubar wa wani kuwa ba a kanta ake mayar da shi ba. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai, wataƙila akwai mai shirin yin irin wannan wayon da zai karanta ya fasa.