Ranar da Mama ta goge aikin Auta

Akwai wata uwa, mai ɗinki ce, da ta kwana biyu hankalinta ba a kwance ba saboda autarta. Yarinyar tana aiki a ɗakin binciken kimiyya, kullum sai ramewa take yi.

Da uwar ta matsa, Auta ta yi mata bayani. Suna shimfiɗa wani abu wai shi girafin a kan ɗan falle mai sheƙi, irin wanda ake haɗa kayan lantarki da shi, bai fi farce ba. Girafin ɗin don siranta ido ma ba ya ganinsa. Aikinta shi ne ta ba shi zafi har ƙarfe ya ratsa ya kwanta a ƙarƙashinsa. To, ƙarfen ya ƙi shiga, kuma shugabanta ya ce in wata ya ƙare babu sakamako, wani za a ba gurbinta.

Rannan ta dawo da fallen ƙarshe a ɗan akwati, za ta kai shi wani gari inda tanderunsu ya fi kyau. Ta shiga wanka. Uwar kuwa ba ta iya ganin abu ba ta gyara ba. Ta buɗe, ta ga kamar ƙura, ta goge shi tas da bakin mayafi.

"Auta, ga ɗan madubinki na goge miki. Ku 'yan boko akwai ƙazanta."

Auta ta fito daga wanka ta ga fallen. Hawaye ya ciko mata, amma da ta ga uwar na murmushi tana jiran yabo, sai ta haɗiye.

"Sannu da aiki, Mama."

Haka ta sa shi a tanderu, tunda babu wani. Ashe gogar ta bar ƙananan karce a jikin girafin, ta nan ƙarfen ya samu ƙofa. Aiki ya yi, gurbi ya tsira.

Da uwar ta ji abin da ta kusa jawowa, sai ta yi salati. Can ta ce in akwai saura, a kawo ta goge. Auta ta rungume ta, washegari ta sayo wa akwatin kwaɗo.

Darasi: Mu iyaye, da ƙauna muke yin ɓarna ba mu sani ba. Ɗan da ya haɗiye fushi don kada ya ɓata ran mahaifiya, Allah ba ya barin sa ya taɓe. Ku tura wa 'ya'yanku, mu kuma iyaye mu riƙa tambaya kafin mu goge.