Shaidar da Maikuɗi Ya Ba Mai Inshora

Akwai wani mutum a ƙauyenmu kusa da Bunkure, sunansa Maikuɗi, ɗan baffan mijina marigayi Ɗanladi. Ni sunana Raliya. Karatuna bai wuce firamare ba, don haka yadda abin ya faru haka zan faɗa muku.

Tare suka tashi, kanal ɗaya ke ba gonakinsu ruwa. A shekarun tamanin tumatir ya karɓi Ɗanladi. Ya jinginar da rabin gonarmu, ya cika ya sayi a-kori-kura. Ya yi mata babbar inshora, wadda aka ce ko ƙonewa motar ta yi za a biya.

Daga ranar Maikuɗi ya canza. In motar ta wuce sai ya ɗaga murya: "Alhaji Ɗanladi, a bi a hankali, kada a take talakawa!"

Ɗanladi ya yi dariya ya ce, "Hau mu je, ɗan'uwa." Amma Maikuɗi bai taɓa hawa ba.

A wajenmu manomi ba ya rabuwa da kwandunansa. In an loda tumatir zuwa kasuwa, mai kaya bisa kayan yake ɗarewa ya bi abinsa. Ɗanladi kuɗin kwando kawai yake karɓa, mutum kyauta.

Wata safiya taya ta fashe a hanyar Zariya. Waɗanda ke bisa kaya suka tsira da ƙujewa. Ɗanladi bai tashi ba. Allah ya ji ƙansa.

Ina cikin takaba mai inshora ya zo daga Kano. Ba ni da halin fita, sai na raɓe a bayan zaure ina ji. In suka biya, mu fanshi gonar marayuna. In ba su biya ba, ta tafi.

Ya yi ta'aziyya a gurguje ya shiga tambaya. Tayar tsohuwa ce? Lasisinsa da rai? Duk abin da ya nema, surukina Malam Dattijo, wanda muke kira Baba, ya nuna masa. Har ya fara sallama, sai Maikuɗi da ke zaune a zauren ya yi gyaran murya.

"Ranka ya daɗe, mutanen da ke bisa kayan fa? Su ma za a biya su?"

"Waɗanne mutane?"

"Ai kullum da mutane yake tafiya. Duk motocin tumatir ɗin nan haka suke."

Baba ya ce, "Maikuɗi, wa ya tambaye ka?"

"Baba, ni dai ba na son marayu su ci haram."

Na ji mai inshora ya koma ya zauna. Ya ce, "Motar kaya muka yi wa inshora, ba ta fasinja ba."

Baba ya ce, "Mutanen ne suka fasa tayar? Ranar da wakilinku ya zo karɓar kuɗi, a kasuwa ya same shi da mutane bisa kaya. Me ya sa bai yi magana ba?"

Mai inshora ya ce, "Baba, a zo ofis."

Tsohon nan ya yi ta zarya Kano, yau manaja ba ya nan, gobe ana bincike. Ƙarshe suka ce ba za su biya ba. Rabin gona ya tafi. Ragowar kuwa, manoman da Ɗanladi ke ɗauka kyauta suka yi mana gayya suka dasa, har ɗana Hambali ya kawo ƙarfi.

Ba a jima ba Maikuɗi ya sayi tasa motar, launi ɗaya da ta mijina. A ƙofar gidanmu yake danna hon. Inshora ma a kamfanin nan ya yi, yana cewa ai ya san mutum a ciki.

Wani rani motar ta zame ta faɗa babban kanal. Ya fito da ransa, ita kuwa ta tashi daga aiki. Sai ga shi a zaurenmu yana roƙon Baba, ina ji daga ciki.

"Baba, ka zo ka shaide ni. Wallahi babu kowa bisa kayan. Amma mai inshora ya ce ni da bakina na gaya masa duk motocin tumatir da mutane suke tafiya. Wai tun ranar ba su sake biyan motar yankin nan ba."

Baba ya ce, "Na san babu kowa. Wa zai hau motarka? Zan je, don gaskiya ce."

Ya je kuwa. Ko kujera ba su ba shi ba.

Maikuɗi ya sayar da gonarsa ya koma lodin kwanduna. Har ya tsufa, bisa kayan wasu yake hawa zuwa kasuwa.

Darasi: In hassada ta sa ka koya wa azzalumi yadda zai cuci ɗan'uwanka, ka sani ba zai manta karatun ba ranar da ka zo gabansa. Ku tura wa 'yan'uwa, ku kuma sa Ɗanladi a addu'a.